Manhajata ba ta tashi sai na shiga kwamfuta, na mai da ita sabis kuma ta ƙi

sabon_shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu sanin Windows ku taimaka min don abin nan ya fara cin raina. Ina da wata tsohuwar kwamfutar tebur da na ajiye a kusurwar ɗaki, ko sikirin ba na haɗa mata sai in da dalili, Windows 10 ce a kai, aikinta biyu ne kawai. Na farko akwai wata manhaja da ke kwaso fayilolin aikina daga laftof ta intanet tana ajiye kwafi, irin masu zama can ƙasa gefen agogo da 'yar alamarsu. Na biyu wani ɗan rubutu ne da na yi da Python, duk bayan minti 10 yana leƙa wata folda, in ya ga sabbin hotuna ya rage musu girma ya jera su bisa kwanan wata.

Matsalar ita ce duk biyun ba sa tashi sai na zo da kaina na sa kalmar sirri na shiga. Kwanaki na yi tafiya, ashe wuta ta ɗan katse washegarin fitata, kwamfutar ta sake tashi ta tsaya a allon shiga tana jirana har kwana tara, ni kuma ina can hankalina kwance wai ana ta ajiye min kwafi. Da na dawo na duba sai na ga kwafin ƙarshe tun ranar da na fita ne, wallahi sai da gabana ya faɗi, Allah dai Ya taimaka laftof ɗin bai samu komai ba a hanya.

To shi ne na yi ɗan bincike na ga ana cewa abin da ake kira sabis shi yana tashi ne tare da kwamfuta ko babu wanda ya shiga. Na buɗe cmd da ikon admin na rubuta

sc create Kwafi binPath= "C:\Manhajoji\kwafi.exe" start= auto

ya ce min SUCCESS, na shiga services.msc na ga sunan a jere da sauran, har na fara murna. Ina danna Start sai koren layin nan ya riƙa jan ƙafa, can sai ga kuskure mai lamba 1053 wai sabis ɗin bai amsa a kan lokaci ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, a cikin wannan ɗan lokacin in na buɗe Task Manager ina ganin manhajar ta tashi, sai kuma ta ɓace kamar an hure fitila. Na Python ɗin ma haka ya yi min.

Me na yi ba daidai ba? Kuma wai ma kowace manhaja ake iya mayarwa sabis ko ni nake wahalar da kaina?

tsohon_hannu

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kwantar da hankalinka, kusan duk wanda ya taɓa gwada abin nan da 1053 ya fara gaisawa. Umarninka daidai yake, ka ma tsallake tarkon da ke kama mutane, wato gurbin nan da dole a bari bayan alamar = a binPath. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Sabis ba rawani ba ne da za ka ɗauka ka naɗa wa kowace manhaja. A Windows akwai mai kula da su, sunansa Service Control Manager, shi ne services.exe ɗin da kake gani a Task Manager. In ya tayar da sabis ba ya juya baya ya tafi, tsayawa yake yana jiran manhajar ta waiwayo ta ce ga ni na tashi, ga kuma ƙofar da za ka riƙa ƙwanƙwasa min in kana so in tsaya. Wannan amsar wanda ya rubuta manhajar ne ke saka ta a cikin kod, akwai abin da ake kira StartServiceCtrlDispatcher da dole ta kira da wuri. Manhajar tebur ba ta ma san da zancen ba, ita tashi kawai take yi ta kama aikinta, shi kuma ya jira daƙiƙa 30 bai ji motsi ba sai ya kashe ta ya rubuta maka 1053. Bayyanar nan da ɓacewa da ka gani ke nan. Za ka ga masu cewa ka shiga rijista ka ƙara ServicesPipeTimeout don ya daɗa jira, kar ka ɓata lokacinka, wannan maganin sabis ne na gaske mai nawar tashi, wanda bai iya amsa sallama ba ko wuni ka ba shi ba zai amsa ba.

Abin da ake yi shi ne a sa ɗan tsakani. Shi ne zai tsaya a matsayin sabis ɗin yana amsa wa Windows, sannan ya tayar da manhajarka a ƙarƙashinsa yana gadinta. Wanda aka fi sani NSSM, ɗan fayil guda ne, ka rubuta nssm install da sunan da kake so sai ya buɗe maka taga ka nuna masa manhajar. In ta mutu shi zai sake tayar da ita. Sigarsa ta 2.24 tun 2014 take, in ta yi maka gardama a Windows 10 ka nemi 2.24-101 ta 2017. Akwai kuma WinSW, shi da fayil ɗin XML ake tsara shi, ya fi daɗi in kwamfutoci da yawa za ka yi wa. Kada ka yarda da srvany da za ka gani a tsofaffin rubuce-rubuce, na zamanin Windows Server 2003 ne, kuma babban aibinsa ko manhajar ta mutu shi zai ci gaba da nuna maka Running kamar komai lafiya.

Amma fa tsugune ba ta ƙare ba, don ɗan tsakani 1053 kawai zai cire maka. Windows tana raba masu aiki a cikinta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da lambarsa, seshon ake ce musu. A zamanin XP sabis-sabis da mutumin da ya fara shiga duk a seshon 0 suke, shi ya sa a da sabis yake iya fito maka da taga a sikirin. Wannan zaman haɗakar ya zama ƙofar ɓarna, domin ƙaramar manhaja marar iko tana iya aika saƙo zuwa tagar wani sabis mai cikakken iko ta sa shi aikin da ba a sa shi ba, tun 2002 aka fallasa wannan dabarar. Daga Vista sai aka raba gari, seshon 0 ya zama na sabis kaɗai, kai in ka shiga kana 1 ko sama. An ɗan bar wata kafa da ake kira Interactive Services Detection da ke ba ka damar leƙa can ɗin, ita ma an cire ta a Windows 10 sigar 1803. Akwatin nan na Allow service to interact with desktop har yanzu yana nan a shafin Log On amma ado ne kawai ya rage.

Ma'ana manhajarka mai alama gefen agogo za ta tashi a ɗakin da babu agogo, babu sikirin, babu kowa. In ta fito da tambaya, misali an samu sabuwar siga a sauke ko a'a, za ta tsaya nan tana jiran a danna OK har abada, kai kuma services.msc na gaya maka Running. Ni a ganina wannan ya fi abin da ya same ka muni, don naka aƙalla da ka dawo ka ga allon shiga ka gane.

Na Python ɗin kam shi ne asalin abin da NSSM ya dace da shi. Fara da shi ka dawo mana da labari.

gajeren_hanya

Malam tsohon_hannu ya yi bayani amma ni ina ganin duk an tsawaita. Task Scheduler fa, mai kunna aiki a lokacin da ka tsara masa, yana cikin Windows ba sai ka sauke komai ba. Create Task za ka danna ba Create Basic Task ba, a Triggers ka zaɓi At startup, a shafin farko ka zaɓi Run whether user is logged on or not, ka sa kalmar sirrinka, shi ke nan an gama. Naka da yake duk minti 10 yake aiki ma ba ya buƙatar ya zauna a kunne, ka cire madaukin da ke sa shi maimaita aikin a cikin kod ɗin ka bar Task Scheduler ya riƙa kiransa duk minti 10, in ya faɗi sau ɗaya zagaye na gaba zai tashi sabo.

Abu biyu kawai ka kula da su don sun taɓa cina. A shafin Settings akwai akwatin da ke zuwa a cike wai a tsayar da aikin in ya wuce kwana 3, ni sai da na yi makonni ina mamakin me ke kashe min abu duk ran Alhamis alhali ran Litinin nake kunna kwamfutar. Sai na Conditions mai cewa kar a fara sai kwamfuta na jone da wuta, kai ta tebur ce bai dame ka ba amma mai laftof ya cire shi. Ita kuma mai alamar gefen agogo ko ta nan ka bi seshon 0 ɗin dai za ta faɗa, wannan kam ba ni da ja.

sabon_shiga

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya da daddare na zauna a kai, ga inda aka kwana.

Na Python na sa shi a NSSM, da farko ya riƙa tashi yana faɗuwa, har sabis ɗin ya koma Paused. Na shiga shafin I/O na nuna masa fayil ɗin da zai riƙa zuba abin da rubutun ke fitarwa, a nan na ga wai bai ga Pillow ba, wato ƙarin kod ɗin Python mai sarrafa hotuna, alhali ni na san na saka ta da hannuna kuma in na kunna rubutun da kaina lafiya lau yake aiki. Na sake saka ta a wata folda ta musamman ya wuce nan, sai kuma ya ce babu draif Z. Z ɗin nan wata folda ce a kan wata na'urar ajiya da ke kan netwok ɗin gidan, ina buɗe File Explorer ga ta nan ina kallonta da idona.

Ita kuwa manhajar kwafin ta tashi ba kuskure ko ɗaya, Running, na bar ta ta kwana, da safe ko fayil ɗaya ba ta kwaso ba. Da na leƙa sai na ga kamar ma ba ta san akawun ɗina ba. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago ke nan. Wani abin dariya kuma, na koma PowerShell na rubuta sc stop Kwafi bai ce min komai ba, sabis bai tsaya ba, sai ga wani fayil mai suna stop ya bayyana a foldar. Aljanu ne ko me?

yar_tamina

Hhh ba aljanu ba ne ɗan'uwa, a Windows PowerShell sc laƙabi ne na Set-Content, wato ka ce masa ya rubuta kalmar Kwafi a cikin fayil mai suna stop kuma ya yi maka biyayya. Ka riƙa rubuta sc.exe cikakke.

Sauran ukun da ka lissafa kuwa duk ciwo ɗaya ne, kuma shi ne abin da nake ganin mutane ba sa kamawa da wuri. Tambayar ba wai yaushe manhaja za ta tashi ba ce kaɗai, har da a matsayin wa za ta tashi. Da ka kunna ta da hannunka kai ce ita, tana ganin foldarka, saitinka, makullanka. NSSM in ba ka ce masa komai ba da asusun LocalSystem yake tayar da abu, shi kuma wani mutum ne daban da nasa gidan a C:\Windows\System32\config\systemprofile. Je ka leƙa AppData ɗin da ke ciki, ina kyautata zaton za ka tarar manhajar kwafinka ta buɗe sabon saiti fanko a can tana jiran wani ya shigar da akawun. Ko da ka kwafa mata tsohon saitin ma ba lallai ya yi ba, domin manhajoji da yawa suna kulle kalmar sirri da DPAPI, shi kuma makullinsa a ɗaure yake da asusun wanda ya kulle. Pillow ɗinka ma haka, da alama a cikin AppData naka pip, mai saka wa Python irin waɗannan, ya ajiye ta. Harafin Z kuwa na zamanka ne kai da ka shiga, sabis ba ya ganinsa, ka ba shi cikakken adireshi mai farawa da \\ sai sunan na'urar sai sunan foldar, kuma a shafin Log on na NSSM ka sa asusun da ke da izinin shiga wurin. Kalmar sirri ta ainihi za ka sa ba PIN ba, kuma ranar da ka canza ta ka tuna ka canza a nan ma, in ba haka ba 1069 zai yi maka sallama. Startup directory ma ka cika shi, don NSSM in ba a gaya masa ba daga foldar da manhajar da yake tayarwa take yake farawa, a naka ta Python ke nan, in rubutunka na ajiye wani fayil ba tare da cikakken adireshi ba can zai je ya zube.

Ni Linux nake amfani da ita yau da kullum kuma kar ka ɗauka mu mun tsira, ciwon ɗaya ne sunan ne ya bambanta. Abin da ya fi mana sauƙi shi ne systemd, mai kula da sabis a Linux, ba ya neman manhaja ta amsa masa sallama kamar na Windows, a Type=simple ya tayar da ita ya zuba mata ido shi ke nan, don haka ba ma buƙatar ɗan tsakani. Tun 2010 ya fito, Fedora ta ɗauke shi a 2011, Debian da Ubuntu a 2015, yanzu kusan duk inda ka juya shi ne. Kuma ya raba abin gida biyu tun daga tushe, akwai sabis na na'ura a /etc/systemd/system, akwai na mutum a ~/.config/systemd/user. Rubutu irin naka layuka kaɗan ne, ExecStart da cikakken adireshin python da na rubutun, Restart=on-failure, WantedBy=default.target, sai ka ce

systemctl --user enable --now hotuna.service

Amma na mutum shi ma sai ka shiga yake tashi, kana fita ya bi ka, sai fa in ka ce loginctl enable-linger, a nan ne zai riƙa tashi tare da na'ura da sunanka ko ba ka nan. Abin da kake nema ke nan tun farko, a layi ɗaya. In ya faɗi journalctl --user -u hotuna zai nuna maka dalili ba sai ka shirya fayil ɗin rahoto ba. Ka dai sa RestartSec ko na daƙiƙa 5 ne, don in sabis ya faɗi ya tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 systemd zai yi fushi ya daina tayar da shi.

Duk da haka in manhajar mai taga ce linger ba zai cece ka ba, za ta nemi DISPLAY ko WAYLAND_DISPLAY ta rasa ta mutu. Akwai masu yi mata sikirin na bogi da Xvfb, na taɓa yi, ya yi aiki wata biyu har ranar da manhajar ta fito da wata tambaya a sikirin ɗin da babu ido a kansa, daidai abin da Malam tsohon_hannu ya faɗa. Tun daga nan na daina. Mai taga ina barin ta a ~/.config/autostart ta tashi in na shiga, abin da nake so ya kwana yana aiki kuma ina neman wanda aka gina shi ba taga. Misali Syncthing mai kwafar fayiloli tsakanin na'urori, shi a bayan fage yake zaune, in kana son ganinsa ka buɗe burauza ka je 127.0.0.1:8384, har fayilolin systemd ɗinsa yake zuwa da su, kuma akwai shi a Windows. Masu sauke fayiloli ta toren ma suna da transmission-daemon da qbittorrent-nox saboda wannan dalilin. Duba ko taka manhajar tana da irin wannan sigar kafin ka ci gaba da kokawa da ita.

mai_tuffa

Don masu Mac da za su biyo ta nan wata rana, namu mai kula da sabis launchd ne, tun Mac OS X 10.4 a 2005 yake. Rabon iri ɗaya ne da wanda 'yar'uwa ta faɗa. Abin da ka sa a /Library/LaunchDaemons yana tashi tare da na'ura kuma ba ya taɓa sikirin, abin da ka sa a ~/Library/LaunchAgents naka ne, yana iya nuna taga amma sai ka shiga. Fayil ɗin plist ne, RunAtLoad ya tayar, KeepAlive ya sake tayarwa in ya mutu. Daga Ventura kuma duk abin da ya saka kansa a bayan fage sai an sanar da kai, kana iya kashe shi a Login Items.

Abin da nake so in ƙara wanda ya shafi kowa, in faifanka a kulle yake da irin kullen da ke neman kalmar sirri tun wajen tashi, kamar FileVault ko BitLocker mai PIN, duk wannan hirar ba ta taso ba, babu sabis ɗin da zai motsa sai mutum ya zo ya buɗe.

gajeren_hanya

To in dai manhajar dole sai ta ga tebur, a ba ta tebur mana. Autologon na Sysinternals, kwamfuta na tashi ta shigar da kanta, ka jefa gajeriyar hanyar manhajar a foldar da shell:startup ke buɗewa, magana ta ƙare. Minti biyar.

tsohon_hannu

Malam gajeren_hanya, a kan Task Scheduler na ba ka gaskiya, ga aikin duk minti 10 ya fi sabis dacewa, ni ne na yi gaggawar cewa NSSM. Amma Autologon sai an faɗa wa mutum farashinsa kafin ya saya. Duk wanda ya kunna kwamfutar nan ya shiga a matsayinsa ke nan, ga kwafin duk fayilolin aikinsa a ciki. Kalmar sirrin kuma duk da ba a rubuce take a fili ba, a ɓoye take cikin sirrikan LSA, mai ikon admin a kan na'urar yana iya zaro ta, su kansu masu manhajar sun faɗi haka. Ba na cewa haramun ne, na sha yi a inda babu makawa, amma in za a yi a buɗe asusu daban marar ikon admin wanda ba shi da komai sai wannan aikin, sannan a sa wani ɗan aiki da zai kulle sikirin da zarar an shiga, rundll32.exe user32.dll,LockWorkStation yana yin wannan. Kullewa ba fita ba ce, manhajar za ta ci gaba da aikinta a baya.

Kuma tunda an zo maganar tsaro, ɗan'uwa sabon_shiga kar ka bar rubutunka a LocalSystem don kawai ya fi sauƙi. Wannan asusun a kan na'urar babu ƙofar da ba ya buɗewa. In fayil ɗin Python ɗin yana foldar da kowa ke iya gyarawa, to duk wanda ya ƙara layi ɗaya a ciki ya mallaki kwamfutar gaba ɗaya. Mai rage girman hoto me zai yi da wannan ikon? Haka in adireshin sabis yana da gurbi a ciki irin C:\Program Files kuma ba a rufe shi da alamar zance ba, Windows za ta fara gwada C:\Program.exe kafin ta isa inda kake nufi, tsohon rami ne da har yau ake faɗawa.

Ragowar ƙananan abubuwa. Tunda aikinka na buƙatar netwok, in sabis ka zaɓa ka sa shi a Delayed Start, yana jinkirta shi wajen minti 2 sai sauran sun kimtsa. In abu ya mutu ka duba Event Viewer ɓangaren System, 7000 da 7009 na ƙin tashi ne, 7031 da 7034 na mutuwar ba-zata. Wajen gwaji kuma Restart za ka danna ba Shut down ba, saboda Fast Startup da ya zo tun Windows 8 ba ya kashe seshon 0 da gaske, kwantar da shi yake ya tashe shi yadda ya bar shi, sai ka ɗauka gwajinka ya yi alhali ba a ma sake tayar da komai ba.

sabon_shiga

Na dawo da rahoto. 'Yar'uwa yar_tamina kin canka daidai, na shiga systemprofile ɗin na tarar da foldar manhajar a can da saiti sabo fil, ashe daren nan duk zaman jiran akawun ta yi. Na goge sabis ɗin da sc.exe delete, wannan karon da exe ɗinsa, na kuma share fayil ɗina mai suna stop.

Na Python na bi shawarar Malam gajeren_hanya, na cire madaukin na mai da shi Task Scheduler duk minti 10, da wani sabon asusu da na buɗe marar ikon admin, na ba shi izini a kan foldar hotunan kaɗai, Z kuma na maye shi da cikakken adireshi. Ita manhajar kwafin na duba ba ta da sigar da ba taga, don haka na sallame ta na koma Syncthing a ƙarƙashin NSSM da wancan asusun, na ƙara masa --no-browser don kar ya riƙa ƙoƙarin buɗe burauza a inda babu kowa. Kwafin farko ya ɗau kusan wuni don sai da ya sake lissafa komai.

Gwajin da na yi, na danna Restart na bar ta a allon shiga ban taɓa ta ba, na ajiye sabon fayil a laftof, kafin in gama haɗa sikirin ɗin don in leƙa har ya iso. Sai na ce bari in gwada ainihin abin da ya same ni, na zare wayar wutar daga bango na mayar. Shiru. Fanka ko motsi, ashe wancan karon sa'a ce kawai ko wani ne a gidan ya danna mata maɓalli, na tambaya kuma ƙanwata ta ce ita ce ta gan ta a kashe ta kunna. Na shiga BIOS na samu wurin da ake zaɓar abin da za ta yi in wuta ta dawo, a kan Power Off yake, na mai da shi Power On, na kuma hana ta barci a saitin wuta. Na sake zarewa na mayar, ta tashi da kanta, bayan 'yan mintuna laftof ya nuna ta dawo kan layi.

Abin da ya rage min yanzu shi ne yadda zan san in ta sake yin shiru ina nesa, don duk wannan da na yi ba zai gaya min komai ba in faifan ne ya cika ko ya mutu. Ina tunanin sa rubutun ya riƙa taɓa wani ɗan fayil mai kwanan wata da lokaci a foldar da ake kwafa, in na ga ya kwana bai canza ba a laftof na san akwai matsala. In akwai wanda ke da dabarar da ta fi wannan ina saurare.